Kafin a sake sayo mana fankoki, a fito mana da awon iskar

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo. Ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara mini raddi.

Duk lokacin da babban layin lantarki na ƙasa ya faɗi, ko aka ƙara kuɗin wuta, sai manyanmu su fito suna tuna mana cewa Allah Ya albarkaci Arewa da rana da iska. Haka ne, Alhamdu lillahi. Amma ka tsayar da mai maganar ka tambaye shi: iskar nan, nawa ne gudunta? A wane gari? A wane tsayi daga ƙasa? A wane wata take ƙarfi, a wane wata take kwanciya? Da rana ko da dare? Nan za ka ga an fara gyaran murya ana duba agogo. Ƙasar da take da mutum sama da miliyan 200, wadda wutar da take rabawa ba ta cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, har yau tana maganar iskarta da ƙiyasi irin na hirar bakin titi.

Abin da nake cewa a taƙaice shi ne: auna iska aikin gwamnati ne, kuma sakamakon awon dukiyar jama'a ce. Duk gwamnan ko ministan da ya sa hannu a kwangilar injinan iska ba tare da ya nuna mana alƙaluman awo ba, caca yake yi da kuɗinmu.

Bari mu fara da abin da ke gabanmu, wato Lambar Rimi a Jihar Katsina. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, wajen 2005, aka ɗauko maganar tashar lantarki mai aiki da iska a wurin. Da ya zama shugaban ƙasa a 2007, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Aka ba kamfanin Vergnet na Faransa. Injina 37, kowanne kilowat 275, a kan turaku masu tsayin mita 55. In ka haɗa lissafi, megawat 10 ne da 'yan kai. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwamba 2013. Aiki ya tsaya. Daga nan aka shiga zagayen da kowa ya sani: minista ya zo, a sa masa hular kwano, a ɗauki hoto, a sanar da lokacin ƙaddamarwa, minista ya tafi, wani ya zo. Yaron da aka haifa a shekarar da aka fara maganar nan yau ya isa aure.

Ku lura da wani abu. Wannan kamfanin na Vergnet shi ne aka ba aikin tashar Ashegoda a Habasha, mai megawat 120, kuma aka ƙaddamar da ita a 2013. Ninki goma sha biyu na tamu. To laifin wa?

Ba na cewa rashin awo ne ya kwantar da Lambar Rimi. Rashin tsaro ya taka rawa, jinkirin sakin kuɗi ya taka, ɓarnar kaya ta taka. Ƙorafina wani ne daban. Bayan duk shekarun nan da kuɗin da aka zuba, darasi mafi tsada da wurin zai iya koya mana shi ne alƙaluma: gudun iska wata bayan wata, da yawan wutar da kowane inji ya bayar a ranakun da ya juya. Waye a cikinku ya taɓa ganin wannan a shafin wata ma'aikata? Ɗalibin injiniya a Bayero ko ABU ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke nan kusa da wurin, ina zai je ya sauke su? Mun biya kuɗin makaranta mai tsada, an hana mu takardar sakamako.

Yanzu bari in yi bayanin dalilin da ya sa awo ba wasa ba ne, don na san wasu za su ce, haba Malam, iskar da take yaye mana kwanon gida duk farkon damina ce za a ce sai an auna?

Iskar da take yaye kwano ba ta da amfani ga injin lantarki. Guguwar gaban hadari minti ashirin ce ko talatin, ta wuce. Hasali ma yawancin injinan nan in iska ta kai wajen mita 25 a daƙiƙa, tsayar da kansu suke yi don kada su karye. In kuma ta gaza mita 3 ko 4 a daƙiƙa, ba sa ba da komai. Abin da inji yake so shi ne iska mai ɗorewa, wadda za ta yi ta kaɗawa awa bayan awa, wata bayan wata.

Ga kuma lissafin da ya kamata kowane ɗan majalisa ya haddace kafin ya amince da kasafin irin wannan aiki. Ƙarfin da ke cikin iska yana tafiya ne da gudunta in an ninka shi a kansa sau uku. Iska mai gudun mita 5: biyar sau biyar sau biyar, 125. Mai gudun mita 6: shida sau shida sau shida, 216. Bambancin mita ɗaya tak, amma ƙarfin ya ƙaru da sama da kashi 70 cikin ɗari. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka takwas. Ma'ana, in ɗan kwangila ya rubuta 6 a takarda alhali gaskiyar wurin 5 ce, ya riga ya cinye ribar aikin tun kafin a haƙa ramin farko. Kuma ba wanda zai gane sai bayan an biya shi ya yi gaba.

Sai maganar tsayi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana auna iska a tashoshinta, galibi a filayen jirgin sama, a tsayin mita 10. Wannan ya isa ga matuƙin jirgi da mai hasashen ruwan sama. Amma injinan zamani kansu yana kai mita 100 ko fiye. Iskar da ke can sama daban take da wadda bishiyoyi da gidaje suke tarewa a ƙasa. Wanda ya ɗauki awon filin jirgin Kano ya ce da shi zai gina tasha a wani tudu a Jigawa, kamar telan da ya auna ƙane ne ya yanka wa wa yadi.

Ko rijiyar burtsatse, mai hankali ba ya kiran masu haƙa sai an zo an duba ƙasa an ce ga inda ruwa yake. Wannan aikin 'yan miliyoyi ke nan. To ina ga aikin biliyoyi?

Abin haushin shi ne, ba wai ba a taɓa farawa ba. A farkon shekarun 2000, Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta ɗauko kamfanin Lahmeyer International na Jamus ya auna iska a wurare goma a faɗin ƙasar nan, ya miƙa rahoto a 2005. A shekarar ce kuma Hukumar Makamashi ta Ƙasa, tare da UNDP, ta fitar da babban tsarin makamashi mai sabuntuwa. A 2015 aka sake fitar da wata manufa ta ƙasa a kan haka. Aka zo da taken samar da megawat 30,000 nan da 2030, kashi 30 daga makamashi mai sabuntuwa. A Sakkwato, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe da gwada ƙaramin injin iska a ƙauyen Sayya Gidan Gada. Takardu kam muna da su. Masana ma muna da su. Abin da babu shi ne ɗorewa, da kuma buɗe wa jama'a abin da aka samu. Awon da aka yi shekara ashirin da suka wuce, don injinan wancan zamani, shi ake ta jujjuyawa a taron ƙara wa juna sani a otal-otal ɗin Abuja, a ci abinci, a raba jaka, a watse.

Mu leƙa wajen waɗanda suka yi abin yadda ya kamata.

Afirka ta Kudu ta fara shirin taswirar iskarta a 2009, da taimakon Denmak. Suka kafa turakun awo guda goma masu tsayin mita 60 a yankunan da suke sa ran akwai iska. Sannan suka yi abin da mu ya gagare mu: suka zuba alƙaluman a intanet kyauta, kowa ya sauke. Mai zuba jari ya duba, ɗalibi ya duba, ɗan jarida ya duba. A 2011 suka buɗe gasar kamfanoni masu zaman kansu, kowa ya kawo farashinsa. Yau suna da fiye da megawat 3,000 daga iska kaɗai. Ku kwatanta da abin da Nijeriya gaba ɗaya take rabawa a rana.

Masar ta shafe shekaru tana awo a gaɓar Suwez da sauran wurare kafin ta kammala taswirarta a 2005, kuma a can manyan tashoshinta irin su Zafarana suke. Senegal ta ƙaddamar da Taiba Ndiaye a 2020, injina 46, kusan megawat 159. Kenya tana da tashar Tafkin Turkana, injina 365, megawat 310. Ko maƙwabtanmu na Nijar, a 2022 sun sa hannu da kamfanin Savannah Energy a kan shirin tashar Tarka a yankin Tawa, wadda aka tsara za ta kai megawat 250. Tawa fa! Iskar hunturun da take ratsa Tawa ba ta tsayawa a Birnin Ƙonni ta nuna fasfo kafin ta shigo Illela.

Turkana tana da nata darasin da ya dace mu riƙe. An gama kafa injina a 2017, amma layin da zai kwashe wutar, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammala ba sai a 2018. Kenya ta biya kuɗin wutar da ba wanda ya sha. Sannan a 2021 kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen mallakar filin daga hannun makiyayan yankin. Wato awon iska shi kaɗai bai isa ba. Dole taswirar ta nuna ina layin wuta yake, ina hanya take, filin na waye, gona ce ko burtali. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da wasu za su rubuto, don haka bari in amsa tun yanzu.

Na farko zai ce: ai akwai taswirar iska ta duniya a intanet, wadda Bankin Duniya da jami'ar fasaha ta Denmak suka yi, kyauta ce, me za a ɓata kuɗi a kai? Gaskiya ne akwai ta, kuma tana da amfani. Tana nuna cewa Arewa da tuddai irin na Jos sun fi yawancin Kudu iska. Amma lissafin kwamfuta ne. Aikinta ta ce maka je ka duba can. Babu bankin da zai ba da bashin gina tasha a kanta. Banki yana so ya ga awon da aka yi a kan filin, aƙalla shekara guda cur, ana rubuta matsakaicin gudu duk minti goma, da hunturu da bazara da damina da kaka duk a ciki. Gani ya kori ji.

Na biyu zai ce: a bar 'yan kasuwa su auna da kuɗinsu mana. To wane ɗan kasuwa ne zai zo ya kashe kuɗinsa shekara biyu yana awo a ƙasar da ya ga abin da ya faru da kamfanonin sola 14 da suka sa hannu da gwamnati a 2016, yawancinsu a Arewa, aka bar su da takarda a hannu? Kuma ko ya auna, sakamakon nasa ne, a aljihunsa zai sa. Ranar da za a zauna ciniki, shi ya san abin da ke filin, gwamnati ba ta sani ba. Wa kake ganin zai cuci wani? In gwamnati ce ta auna ta buɗe wa kowa, kamfani goma za su yi takara a kan alƙaluma iri ɗaya, farashi ya sauko. Amfanin ke nan.

Na uku zai ce: a manta da iska, rana ta ishe mu. Wannan maganar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. A yawancin garuruwanmu sola ta fi sauƙi, ta fi saurin kafawa, ga tashar megawat 10 ta Kumbotso a Kano da aka ƙaddamar a farkon 2023. Amma rana tana faɗuwa da magariba, daidai lokacin da kowa ya koma gida ya kunna fitila da fanka, kuma batir tsada gare shi. Da hunturu hazo da ƙura suna rage wa sola ƙarfi, lokacin ne kuma iskar arewa maso gabas take kaɗawa. Da rani ruwan Shiroro yana ja baya. In akwai wuraren da iska take cike waɗannan giɓin, ribarmu ce. In kuma awo ya nuna babu, wallahi shi ma riba ce, domin mun tsira daga sake binne biliyoyi. Awon da ya ce kada a gina ya biya kuɗinsa.

Na huɗu, wanda ya fi kowa gaskiya, zai ce: Malam, kai ma ka san nazarin yiwuwar aiki shi ne babbar kafar cin kuɗi a ƙasar nan. A ware kuɗi, a kawo ɗan littafi mai bango mai sheƙi, shi ke nan. Na yarda. Shi ya sa sharaɗin shi ne buɗewa. Turken awo mai tsayin mita 80 ko 100 ba ya ɓoyuwa a aljihu. Ko yana tsaye a filin, ko babu shi. In aka wajabta cewa duk wata sai an ɗora alƙaluman a intanet, malaman jami'o'inmu za su gane na bogi cikin mako guda. Ɓarawo duhu yake so.

To wa ya kamata ya yi? Da can gwamnoni suna da uzuri, su ce lantarki na Tarayya ne. Wannan uzurin ya mutu. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, a Yuni 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki, jihohi suka sami ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Kuma mun ɗanɗana kuɗar dogaro da layi ɗaya ko biyu daga nesa. Ku tuna Oktoba 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir ya sami matsala, yawancin Arewa ta kwana a duhu fiye da mako guda. Masu ƙanƙara, masu walda, masu niƙa, teloli, asibitoci, kowa ya ji a jikinsa, ga man janareta ya yi tsada tun bayan cire tallafi. Wanda ya sha wannan wahalar bai kamata a sake gaya masa amfanin wutar da ake samarwa a kusa da gida ba.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, kuma ba abu ne mai wuya ba.

Ɗaya. Ma'aikatar Lantarki ta Tarayya da Hukumar Makamashi su fito da duk awon da aka taɓa yi da kuɗin jama'a, har da na 2005 da na Lambar Rimi, su ɗora a intanet. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. 'Yan jaridarmu da ƙungiyoyin farar hula, ga aiki nan.

Biyu. Gwamnonin Arewa, da suke da zauren da suke haɗuwa a Kaduna, su haɗa kuɗi a kafa turakun awo masu tsayin zamani a wuraren da taswira ta nuna alama, daga Sakkwato da Katsina da Jigawa da Yobe har tuddan Jos da Mambila. A bar su aƙalla shekara biyu. Kuɗin jerin motocin gwamna guda ɗaya zai kafa da dama daga cikinsu. Iska ba ta san iyakar jiha ba, don haka babu dalilin kowa ya yi nasa a ɓoye.

Uku. A sa jami'o'inmu a ciki tun daga ranar farko, su riƙe alƙaluman, su horar da yara. Kada a sake yin aikin da in Bature ya hau jirgi, ilimin ya bi shi.

Huɗu. A zauna da masu unguwanni da dagatai da manoma da makiyaya kafin a kafa ko ƙusa. A ɗauki 'yan garin aikin gadi, a biya su a kan lokaci. Turken da mutanen gari suka ɗauka nasu ne ya fi wanda aka kewaye da waya tsawon rai.

Biyar. Majalisun jihohi su sa doka: babu kwangilar injin iska sai an buga awon aƙalla shekara guda na wannan filin, kowa ya gani. A haɗa da bayanin ƙura da zafi, domin ƙura tana cin fukafukan inji, iska mai zafi kuma ba ta da nauyin mai sanyi, wutar da take bayarwa ta fi kaɗan.

Zaɓe yana tafe, kuma za ku ji alƙawura. Wani zai ce zai kafa megawat 100, wani ya ce 500, a nuna muku hoton fararen fankoki a jere wanda aka ɗauko daga wata ƙasa. Kada ku yi tafi. Ku tambaye shi: ranka ya daɗe, ina awon? Wa ya yi shi, a wane tsayi, na wata nawa, kuma a ina zan gani da idona? In ya amsa, ku saurare shi da kyau. In ya fara kame-kame, kun san inda kuɗin za su.

Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Shekara ashirin ke nan mu ne masu kayan karan.

Injiniyoyi da malaman jami'a da ke cikin abokaina, musamman 'yan Katsina, ku shigo ku ƙara mana haske. Wanda yake da ɗan majalisa a cikin abokansa, ya tura masa. Allah Ya ba mu shugabanni masu auna abu kafin su yanka. Amin.